Hannun Inna a Ƙungiyar Masu Albasa

Ƙarfe tara da minti ashirin na safe, ranar wata Alhamis, Kawu ya miƙo mini wasiƙar. Na san lokacin ne domin agogonsa yana daidai idona sa'ad da ya miƙo hannu, kuma a shekarun nan ina da wata ɗabi'a ta rubuta lokacin kowane abu a bayan kayena, wato littafin rubutuna na makaranta, har lokacin da aka sauke tuwo. Shekaruna goma sha shida, ina ajin ƙarshe na kwaleji a Madawa, na zo gida hutun mako biyu. Bazara ce, an cire albasa, ƙauyen duk warinta yake yi.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ne shugaban ƙungiyar masu albasa ta ƙauyenmu, wanda ke cikin kwari kafin a kai Galma, kuma tun da aka kafa ƙungiyar ba a taɓa yin wani shugaba ba. Bayan shekarun fari ne magidanta suka haɗa kuɗi, suka shinge wani yanki na fadama, suka sayi injin ban ruwa guda, suka gina rudu, wato rumbun da ake ajiye albasa har ta yi daraja. Duk wanda ya sa kuɗi an ce yana da hannu. Hannu guda kati ne mai ruwan ɗorawa da hatimi a kai, yana ba mutum fegi a cikin shinge, da rabon ruwa, da kaso idan an sayar da abin da ke cikin rudu. Mahaifina yana da hannu guda. Da ya rasu, katin ya koma wurin Inna, ta naɗe shi a tsumma ta sa a ƙasan kwallarta. Ban da ɗakin da muke kwana, abin da ya bar mana ke nan.

Magatakardan ƙungiyar ya tafi cin rani bai dawo ba, shi ya sa aka aiko a kira ni. Na durƙusa a zaure na gaishe da Kawu, ya ce, "'Yar lakwal, zo ki ara mini idonki." Lakwal muke ce wa makarantar boko. Mu biyu ne kawai a zauren.

Wasiƙar da Faransanci take, an buga ta da keken rubutu, daga wani ofishin aikin gona a Tawa. Na karanta ta a zuci sau biyu don kada in yi kure, sannan na juya masa ita da Hausa jimla bayan jimla. Ta ce an zaɓi fadamar ƙungiyarmu cikin wuraren da za a gyara bayan damina. Za a ɗaure rijiyoyi da siminti, a ja magudanai, a kawo sabon inji. Ta ce a sanar da dukan masu hannu.

Kawu ya sa na maimaita wurin siminti. Daga nan ya karɓi takardar ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba. Ya ce wannan magana ce ta manya, sai ya yi nazari, kuma ya san ni ba mai yawan baki ba ce. Ya ba ni dabino uku. Na tashi na fito ina jin daɗi, domin ban yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba.

Ba sai ya ja mini kunne ba ma. A wurinmu, yaron da aka kira ya karanta wasiƙa aron idonsa aka yi, abin da ya gani ba nasa ba ne. Na karanta wa mata wasiƙun mazajensu daga Abijan, na karanta wa tsofaffi labarin rasuwa da na rigimar gado, ban taɓa kai ko ɗaya waje ba. Shi ya sa ake kirana, ba a kiran ɗan maƙwabcinmu da ya fi ni iya Faransanci.

A lokacin nan hannu ya zama abin dariya. Injin ya lalace rani biyu a jere, an koma jan ruwa da guga, rijiyoyin da ba a ɗaure ba kuma kullum rubzawa suke yi. Rabin fegin ya bushe. Mutane suna cewa katin bai da amfani ko na fifita. Duk wanda ya sami mai saye, murna yake yi.

Ranar Asabar aka ji Kawu ya sayi hannun wani tsoho da ke haɗa guzurin aikin hajji. Ranar Lahadi ya sayi na wasu 'yan'uwa biyu da za su tafi kudu neman aiki. Kafin Litinin, ma'ajin ƙungiyar, abokin Kawu tun suna yara, shi ma ya sayi biyu. Ina zaune a tsakar gida ina bitar lissafin jarrabawa, labarin yana shigowa tare da masu zuwa aron turmi. Da farko ban haɗa shi da wasiƙar ba. Da na haɗa, sai na kasa ci gaba da karatu, na yi ta kallon layi ɗaya.

Ba ni kaɗai abin ya tsaya wa a rai ba. Akwai wani tsohon soja da kowa ke kira Sarjan, yana da hannu guda a ƙungiyar, ga ƙafa mai ɗingishi, kuma bakinsa ba ya hutawa. Ƙarƙashin itacen bedi, wato dogon yaro, da ke ƙofar masallaci yake zama, muryarsa tana kai wa har gidanmu. Ya ce shi dai bai taɓa ganin mutum ya ce jaki ya mutu ba, sannan ya bi gari yana sayen igiyarsa. Da Kawu ya zo wucewa, sai ya ɗaga masa hannu kamar a fareti ya ce, "Ranka shi daɗe Parzidan, in kana sayen matattun kaya, ina da wani tsohon keke." Kawu ya yi dariya ya ce keken ya fi mai shi lafiya. Mutane suka yi dariya, amma wasu suka fara cewa ya kamata a kira taron masu hannu, an kusa shekara biyu ba a zauna ba. Kawu ya ce a bari a gama kwashe albasa.

Ranar Talata da la'asar Inna ta gaya mini ita ma za ta sayar. Tana tsince wake, ba ta dube ni ba. Ta ce Yaya ya yi mata tayi, ta amsa, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a fasa goron ciniki. Ta ce ɗakinmu yana yoyo, ga jarrabawata tana zuwa, in na ci kuma tafiya Tawa ba a yin ta da hannu wofi. Na tambaye ta ko ta yi ciniki. Sai ta ɗago ta dube ni kamar na yi saɓo. Ƙanwa ba ta ciniki da yayanta. Abin da ya faɗa shi ke nan, sai godiya.

Na ce, "Inna, wasiƙar da na karanta wa Kawu..."

Ta ɗaga hannu. "Abin da kinka karanta a zauren Yaya, can ya tsaya. Ban haife ki don ki zama mai kai-kawo ba."

Na bar maganar a nan. Kuma ba tsoron Inna kaɗai ba ne. Kawu ne ya tsaya aka bar ni na wuce firamare sa'ad da dangin mahaifina suka ce karatun ya isa haka. Shi ya samo mini masauki a gidan wani amininsa a Madawa. Duk farkon wata yakan zo a kan mobilet ɗinsa, ƙaramin babur, da gero a ɗaure a baya, da sabulu, wani lokaci har da bik biyu, ja da shuɗi, domin ya lura ina son ja wa kanun darasi layi. Bai taɓa tambayata maki nawa na ci ba, sai dai ya tambaya ko ina ƙoshi.

Akwai wata akwatin ƙarfe ta ƙungiya a ɗakin matar Kawu, inda ake ajiye takardu. Ranar Laraba na je na ce ina so in gyara su, tunda magatakarda ba ya nan. Ta ce in yi, beraye ma sun gode. A ciki na sami dokokin ƙungiyar, shafi uku, waɗanda wani ma'aikaci ya buga tun ranar kafawa, kuma ina jin tun ranar ba wanda ya sake buɗe su. Na zauna na kwafe su kaf a kayena, da hannu mai kyau, har da wuraren da gara ta ci na bar musu fili. Doka ta bakwai ta ce duk takardar da ta zo da sunan ƙungiya a karanta ta gaban taro. Na ja mata layi da jan bik, na yi amfani da rula.

Ranar Alhamis da hantsi na sami Kawu a garka, wato lambun albasa, yana tsugune gaban mataccen injin, ya baje ƙarafansa a kan buhu. Na gaishe shi. Na shirya magana tun daga gida, amma da na zo sai ta gudu, na miƙa masa kayen kawai, a buɗe. Ya juya shi sama da ƙasa ya ce ai na san shi da boko sai kallo. Na karanta masa.

Bai yi fushi ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ya goge hannu da tsumma ya ce in zauna. Ya ce irin wannan wasiƙa ta taɓa zuwa sau biyu. Ta farko ya tara mutane ya karanta musu, aka yi ta guɗa, har aka yanka akuya, amma ba ma'aikacin da ya zo. Shekara guda ana kiransa mai siminti. Ya nuna mini ƙarafan da ke kan buhu ya ce duk wanda na gani sabo, daga aljihunsa ya fito, ya je Konni sau huɗu neman su, ba mai hannun da ya taɓa ba shi ko kuɗin mota. In ya kira taro mutum bakwai ke zuwa, biyu don su yi barci. Ya ce waɗanda suka sayar ba shi ya je wurinsu ba, su suka yi ta binsa tun bara. Kuma in mutanen Tawa suka zo suka tarar rabin masu hannu suna Abijan, fegi ba mai nomawa, za su ɗauki simintinsu su kai wani ƙauye.

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, na san haka a lokacin, na kuma san haka yanzu.  Sannan na ji bakina ya ce, "Kawu, da wasiƙar ba ta zo ba, za ka saya?"

Ya ɗauki wani ƙarfe ya hura shi, ya duba cikinsa. Ya ce rana ta yi zafi, in koma gida, kuma gobe in zo da bik ɗina domin ni zan rubuta takardar ciniki.

Ga yadda ake sayar da hannu a ƙauyenmu. Ba wanda ya ƙirƙiro wata hanya ta musamman, sai aka ɗauko ta cinikin dabba. Ana zama a zaure gaban liman da shaidu biyu. Liman ya tambayi mai sayarwa ko akwai wani aibu da ya sani wanda mai saye bai sani ba, kamar yadda ake tambayar mai saniya ko tana harbi ko tana da tari. Mai sayarwa ya faɗi abin da ya sani. Daga nan mai saye ya fito da goro ya fasa, a raba wa shaidu. In goro ya fasu, magana ta ƙare, ko sarki ba ya ta da ita. Mai saniya shi ya san saniyarsa, don haka shi ake tambaya. Ba wanda ya taɓa tunanin ranar da mai saye zai fi mai kaya sanin kayan.

Aka zauna bayan Juma'a. Liman yana kan buzu, Kawu a damansa da farar riga, ma'aji da Sarjan su ne shaidu. Inna tana daga ciki bakin ƙofa, ba a ganin komai nata sai gefen zane da katin da ta ajiye a kan tabarma. Ni ina kusurwa, kaye a cinya. Sarjan ya ce shi an kawo shi ne don goro, a yi sauri kafin haƙoransa su ƙarasa zubewa.

Liman ya yi addu'a, ya juya wajen ƙofa ya tambayi Inna. Ta amsa a hankali, kuma ta faɗi komai. Ta ce injin ya mutu. Ta ce rijiyar da ke kusa da feginta ta rubza, kuma gefen gabas akwai kanwa-kanwa, albasa ba ta girma a nan. Ta ce kada Yaya ya ce ba ta faɗa masa ba. Ina jinta tana lissafa aibun abin da mijinta ya bar mata, don kada ta cuci yayanta.

Kawu ya sa hannu a aljihu ya fito da goro, fari, babba. Ya ce in rubuta ranar wata. Na sa bik a kan takarda, amma ban rubuta ba. Ban yi niyyar faɗin abin da ke cikin wasiƙar ba, kuma ban faɗa ba. Na dai ce, ba tare da na ɗaga kai ba, "Allah gafarta Malam, shi mai saye ba a tambayarsa?"

Ban taɓa yin magana a gaban maza haka ba. Na ji Inna ta ja numfashi daga bayan ƙofa. Ma'aji ya ce wannan wane irin rashin kunya ne, abin da lakwal ke koya musu ke nan. Liman ya ɗaga masa hannu. Tsoho ne mai sanyin hali, ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce bai taɓa jin an yi ba, amma bai ga abin da ya hana ba, tunda ciniki na mutum biyu ne. Ya juya ya dubi Kawu. Ya ce, "Alhaji, akwai abin da ka sani game da wanga hannu wanda ƙanwarka ba ta sani ba?"



Kawu ya dubi goron da ke tafinsa. Mutum ne da ba ya ƙarya a gaban liman, kowa ya san haka, shi ma ya sani. Ya juya goron sau biyu, ya mayar da shi aljihu. Ya ce a ɗage cinikin, kuma a yi shela jibi Lahadi akwai taron masu hannu a ƙofar rudu. Ya tashi ya shiga gida, bai dubi kowa ba. Inna ta miƙo hannu ta janye katinta.

A gida ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma yaba mini ba. Ta ce na sa yayanta ya ji kunya a zaurensa. Ta zuba mini tuwo ta koma can gefe ta ci nata.

Ranar Lahadi ba mutum bakwai suka zo ba, har mata sun tsaya daga nesa. Kawu ya fito da wasiƙar, duk ta yi laushi don zama a aljihu, ya miƙo mini ba tare da ya kira ni 'yar lakwal ba. Na karanta da Faransanci, na juya da Hausa, har layin da ya ce a sanar da dukan masu hannu. Wani ya tambayi yaushe ta zo. Kawu da kansa ya amsa, ya ce yau kwana goma sha ɗaya.

Aka yi hayaniya. Ɗan tsohon nan mai shirin hajji ya ce an yaudari mahaifinsa. Ma'aji ya ce goro ya riga ya fasu, shi ba ya mayar da komai, kuma bai mayar ba. Wasu suka ce a sauke Kawu. Sai Sarjan, wanda ya fi kowa tsokanarsa, ya miƙe a kan sandarsa ya tambaya wa zai riƙa zuwa Konni neman ƙarfen inji, wa ke da mobilet, wa ya san ofisoshin Tawa. Ba a samu ko mutum ɗaya ba. Ya ce to a bar Parzidan inda yake, amma daga yau duk wasiƙar da ta zo a nan za a buɗe ta, kuma shugaba da ma'aji ba su sayen hannu sai an yi shela. Aka yarda. Kawu ya ce tsoho ya aiko a karɓi katinsa, ya biya sa'ad da ya samu. Na 'yan'uwan nan biyu kuwa, sun riga sun hau mota.

Washegari hutu ya ƙare. Na ɗaure kayana ina tunanin yadda zan kai bakin titi in jira motar kasuwa, domin ban sa rai kowa zai kai ni ba. Ina ta lissafin ko geron wata mai zuwa zai zo. Sai na ji ƙarar mobilet a ƙofar gida. Kawu bai sauka ba, bai kashe inji ba. Inna ta fita ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa kamar kullum. Na hau baya, na riƙe ƙarfen sirdi maimakon rigarsa.

Muka kama hanyar Madawa. Muka bi ta gefen garake, ana loda buhunan albasa a kamyo, wato manyan motocin kaya, mutane suna ɗaga masa hannu yana amsawa da kai. A ƙofar gidan da nake zaune ya tsaya, na sauka. Ya kwance ƙullin kayana ya ajiye a ƙasa, ya daɗe yana naɗe igiyar a hannunsa. Na durƙusa na yi godiya, na ce ya yafe mini in na yi laifi.

Ya ce, "Kin yi mini wata tambaya a garka."

Na ce e.

"Na sauran, a'a. Da takardar ba ta zo ba, ko kyauta anka ba ni ba na karɓa." Ya ƙarasa naɗe igiyar ya cusa ta ƙarƙashin sirdi. "Na uwarki kuwa da na saya, ko ba takarda, tunda ɗakinku na yoyo. Kuma da na ba ta hiye da abin da na taya mata, don da taimako ne zan yi. Takardar ce ta sa na tsaya yin lissahi da ƙanwata."